Yadda Za Ka Zaɓi Regileta Idan Za Ka Fara Nutso a Teku

Duk wanda ya gama kwas ɗin nutso na farko, tambayar da yake zuwa mini da ita ɗaya ce: wace regileta zan saya? Ni kuma nakan mayar masa da tambaya biyu. A wane ruwa za ka riƙa shiga, kuma wa zai yi maka sabis? Idan ka amsa waɗannan, rabin kayan da ke rataye a shago sun fita daga lissafinka. Yawancin nutsona a Bahar Maliya ne, tsakanin Dahab da Hurghada a Masar, don haka da idon mai shiga ruwan ɗumi nake magana.

Aikin regileta kusan irin na kan tukunyar gas ne, sai dai ita mataki biyu take yi. Iskar da ke cikin silinda tana da matsi na bar 200, wani lokaci 300. Ɓangaren farko, wannan dunƙulen ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin silinda, shi ke sauko da matsin zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da na ruwan da ke kewaye da kai. Ɓangare na biyu, wanda kake cizawa a baki, shi ke daidaita iskar da zurfin da kake. A mita 30 iskar da kake ja ta ninka ta sama kauri sau 4, a nan ne kuma ake gane mai kyau da ta jeka-na-yi-ka.

Fara da ɓangaren farko, don nan kuɗin yake. Iri biyu ne: mai fistin da mai dayafaram. Mai fistin kayan cikinsa kaɗan ne, yana sakin iska da yawa, gyaransa ba wuya. Aibinsa shi ne a yawancinsu ruwa na shiga ɗakin sifirin, kuma duk abin da ruwa ya ɗauko, yashi ko gishiri, yana shiga tare da shi. Mai dayafaram faifan roba ne ya raba ruwa da kayan ciki, wasu ma an ƙara musu murfi na biyu an like gaba ɗaya. Idan aikinka a ruwan laka ne, irin na dam ko tashar jiragen ruwa, kada ka tsaya dogon tunani, ɗauki wanda aka like.

Sai ka duba ko an rubuta balanced a kwalin, wato mai daidaita kanta. Wadda ba haka take ba, kamar Scubapro MK2, idan iskar silinda ta yi ƙasa za ka ji numfashi ya ɗan fara nauyi. Wannan ita ce aka fi gani a kayan haya, domin tana jure wahala kuma ba ta da tsada. Ga wanda iyakarsa mita 18, ta ishe shi har ta yi yawa. Amma in kana da niyyar sauka mita 30 zuwa 40, ko ka shiga wurin da igiyar ruwa ke ja kana haki, ƙara kuɗi ka sayi mai daidaita kanta, irin su MK25 a masu fistin ko jerin XTX na Apeks a masu dayafaram. Tana ba ka iska iri ɗaya daga bar 200 har 50.

Maganar sanyi kuwa, masu shago na son tsorata mutane da ita. Gaskiya ne iska na yin sanyi sosai idan ta fito daga matsi, har ƙanƙara ta iya kama bawul ya buɗe ya ƙi rufuwa. Amma ƙa'idar Turai ta EN250 ruwan da bai kai digiri 10 ba take kira mai sanyi. Bahar Maliya ko da hunturu da wuya ya sauka ƙasa da 20. In ba tafkunan Jamus ko gaɓar Ingila za ka ba, kada ka biya kuɗin maganin ƙanƙara.

Abin da ya fi ba sababbi ciwon kai shi ne bakin haɗi. Akwai yok, wanda ake zura wa kan silinda a ɗaure da noti ta baya, zoben robarsa mai hana iska tsiyaya a jikin silindar yake, kuma bai wuce bar 232. Akwai DIN, wanda ake murzawa cikin bawul, zoben robar yana jikin regiletarka a ɓoye, yana kuma ɗaukar har bar 300. Ni DIN nake amfani da shi, dalilina kuma zoben nan ne: nawa ne, na san ranar da na canza shi. A kan yok kuwa kana dogaro da zoben silindar haya da rana ta gasa, wanda sau da yawa sai an buɗe iska za ka ji yana tsiyaya, kowa a jirgi ya shiga laluben sabo. A Masar yawancin silinda suna karɓar duka biyun, ɗan toshe ne ake kwancewa da alanki. A Amurka da tsibiran Karebiyan yok ya fi yawa, sai ka riƙe adafta a jaka. Ka dai sani adaftar na turo ƙarfen kusa da ƙeya, in ka ɗaga kai za ka ji shi.

Ƙirga ramukan tiyo na ɓangaren farko ma. Kana bukatar aƙalla 4 na ƙaramin matsi da ɗaya na babba don geji, wato agogon da ke nuna sauran iska a silinda. Biyu na babban matsi sun fi, saboda wata rana za ka so ɗaura na'urar da ke aika wa kwamfutar hannu yawan iska.

A ɓangaren baki, ɗan hannun da ke hana iska kwarara a saman ruwa yana da amfani kullum. Ƙullin daidaita laushin numfashi kuwa, mutane da yawa suna saita shi sau ɗaya su manta. Abin da ya fi su duka shi ne rashin nauyi da robar baki da ta dace da haƙoranka, don muƙamuƙi ne ke biyan bashin bayan minti 50.

Farashi yana farawa daga 'yan ɗaruruwan dala, ya haura dubu ɗaya da ɗoriya a na titaniyom irin na kamfanin Atomic. Titaniyom bai yin tsatsa kuma ba nauyi, amma numfashinsa bai ninka na tagulla mai kurom ba, ba a kuma sa masa iskar da oksijin ɗinta ya wuce kashi 40. Tambayi mai shago ko kuɗin ya haɗa da regiletar ko-ta-kwana mai ruwan ɗorawa da geji, don galibi daban ake sayar da su. Sannan tambayi kuɗin sabis. Wasu kamfanoni duk shekara suke so, wasu duk shekara 2 ko nutso 100. Wanda zai koma Kano ko Yamai da kayansa, inda ba mai buɗe masa ita, ya zaɓi sunan da kowace cibiyar nutso ke da kayan gyaransa, ya kuma bayar a yi sabis kwana biyu kafin ya shiga ruwa.

In ta hannu za ka saya, ga gwajin da nake yi. Ɗaura ta a silinda, kafin a buɗe iska, sa a baki ka ja a hankali: kada komai ya shigo. In ya shigo, akwai huda ko bawul ɗin fitar kumfa ya naɗe. Buɗe iska, ka ja numfashi mai ƙarfi idonka a kan geji, allurar kada ta motsa. Daga nan tsoma ɓangaren bakin a bokiti, robar baki na kallon sama, ka riƙa sauke shi sannu. Mai kyakkyawan saiti zai fara huci kafin ya nutse santimita 4. Leƙa matatar da ke bakin haɗi: in ta yi kore, ruwan gishiri ya taɓa shiga ciki, sai ka cire kuɗin cikakken sabis daga abin da za ka taya.