Yadda Ake Haɗa Rigakafin Kumburin Ƙwaƙwalwa da Sauro Ke Yaɗawa, da Yadda Ake Gwada Shi

Bairos biyu ne mai wannan aiki zai sa a gaba: na Japan da na Yammacin Nilu. Dangin sauron Culex ne ke yaɗa su, irin sauron kwata da ke hana barci a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas. Na Yammacin Nilu, wanda aka fara ganowa a Uganda a 1937, har yau ba shi da rigakafin ɗan Adam sai na dawaki. Shi ya sa ake koyi da tsarin na Japan. A da a ƙwaƙwalwar ɓeraye ake renon bairos na Japan ɗin, yanzu kuwa a ƙwayoyin halitta da ake kira Vero, waɗanda aka samo daga ƙodar biri a Jami'ar Chiba a 1962. Ta wannan hanya ake yin IXIARO, rigakafin cutar Japan da Amurka ta amince da shi a 2009.

Da ƙwayoyin ake farawa, ba da bairos ba. A rene su a ruwan abincin ƙwayoyi da ake kira DMEM, mai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na ruwan jinin ɗan maraƙi, a inkubeta mai zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5. Duk kwana 3 ko 4, kafin su cika gindin kwalbar, a ɗaga su da tirifsin, sinadarin da ke ɓanɓare su daga kwalba, a raba ɗaya zuwa huɗu ko shida. Tun da wuri a daskarar da ajiya kashi biyu, ta asali da ta aiki, cikin DMSO kashi 10, sinadarin da ke kare su daga illar daskarewa, a tukunyar ruwan naitirojin. A Legas wannan tukunya ta fi firizar digiri 80 ƙasa da sifili aminci, domin ba ruwanta da ɗaukewar wuta ko janareta ya ƙi tashi. Sai dai a riƙa duba ruwan ana ƙarawa. A yi gwajin maikofilasma, ƙaramar ƙwayar bakteriya da ke gurɓata ƙwayoyin reno, da PCR, gwajin gano DNA, akai-akai. Ba ya gurɓata launin ruwa, madubin likita ma ba ya nuna shi, sai dai a ga ƙwayoyi sun yi sanyin girma, amfani ya ragu.

Irin bairos na Japan da ake shukawa shi ne SA14-14-2, wanda aka raunana. Bairos na daji sai a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na uku. Idan ƙwayoyi sun shimfiɗu a wanke su, a zuba bairos a ruwan da babu jini, a kwashe ruwan saman bayan 'yan kwanaki. Da furotamin salfet ake kwantar da DNA na Vero, sannan a tace bairos a injin juyi cikin ruwan sukari mai hawa-hawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kada ragowar DNA ya wuce nanogiram 10 a allura ɗaya.

Wurin kashe bairos ne ake yin kuskuren da ke cin rai. Ana amfani da fomalin kimanin kashi 0.05 cikin ɗari, a digiri 22, har kwana 10. Kafin a zuba shi dole a tace ruwan, domin bairos na dunƙulewa, kuma fomalin ba ya isa tsakiyar dunƙule. Abin da ya faru ke nan da rigakafin shan-inna na kamfanin Cutter a 1955, yara suka shanye. A tsakiyar aiki a juye ruwan cikin sabon mazubi, saboda ɗigon da ya maƙale a murfi ko wuyan kwalba bai taɓa fomalin ba. A riƙa ɗibar samfur kullum ana auna yadda bairos ke raguwa. Garin tsoro kuma kada a cika fomalin: yana lalata furotin E da ke jikin bairos, wanda shi garkuwar jiki ke ganewa, sai a sami allura mai aminci marar amfani. Daga ƙarshe a kashe kaifin fomalin da sodiyam metabaisalfait, a shuka samfur mai yawa kan sababbin ƙwayoyin Vero, a maimaita shukar ko da ba a ga komai ba. Zagaye ɗaya ba hujja ba ce.

Sai a haɗa da alminiyam haidiroksaid, sinadarin da ke ƙara zaburar da garkuwar jiki. A IXIARO maikirogiram 6 ne na furotin bairos cikin rabin mililita, allura biyu, kwana 28 tsakani. A ajiye a digiri 2 zuwa 8. In ya daskare ya lalace, a zubar.

Gwajin ƙarfi kan ɓeraye ake fara shi. Bayan an yi musu allurar, a ɗebi ruwan jininsu, a ɗumama a digiri 56 na minti 30, a tsarma shi mataki-mataki, a gauraya da bairos, a zuba kan ƙwayoyi, a rufe da ruwa mai kauri, bayan kwana 4 ko 5 a rina a ƙirga tabon da bairos ya bari inda ya kashe ƙwayoyi. Wannan shi ne PRNT50, wato iyakar tsarmawar da ke rage tabon da rabi, kuma a cutar Japan 1:10 ko fiye ake ɗauka kariya.

A Nijeriya akwai tarko: shawara, dengi da Yammacin Nilu duk dangi ɗaya ne da na Japan, kuma mutane da yawa sun yi allurar shawara. ELISA, wani gwajin garkuwa a jini, kan ruɗe ta nuna kariyar da ba ta allurarku ba ce. Saboda haka a ɗebi jinin masu sa kai kafin allurar farko, a rubuta wanda ke da katin shawara, a dogara da PRNT. Ba a taɓa mutum ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya yarda, NAFDAC kuma ta ba da izinin gwaji a rubuce.