Sharar gona kafin ruwa ya sauka

'Yan uwa manoma, shamuwa ta fara sauka kan bishiyoyi, iska kuma ta juyo daga kudu. Wanda bai gama sharar gona ba ya hanzarta.

Don Allah kada mu banka wa karan dawa da ganye wuta. A tara su a rami tare da kashin awaki, a riƙa yayyafa ruwa su ruɓe su zama taki. Kututturen kalgo da sabara da suka tofo, a bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, kamar yadda manoman Maraɗi suke yi. Itatuwan nan suna tare iska, suna riƙe ƙasa.

Ruwan farko kuwa, a tona a ga laima ta kai zurfin tafin hannu kafin a zuba iri.