Kurakuran da aka fi yi kan harajin AMT bayan sabuwar dokar Amurka

Tun ranar 4 ga Yulin 2025 da Shugaba Trump ya sanya hannu kan sabuwar dokar haraji nake jin 'yan'uwa mazauna Amurka suna cewa an gama da AMT, wato lissafi na biyu da doka ta tanada domin kada mai samu da yawa ya fake da rangwame ya tsere wa haraji. Kuskuren farko ke nan. Gaskiya ne dokar ta dawwamar da kason kuɗin shiga da ake yafewa a lissafin AMT, wanda a 2026 ya kai dala 90,100 ga mai cike fom shi kaɗai, da dala 140,200 ga ma'aurata masu cikewa tare. Sai dai ta sauko da matakin da yafewar ke fara zaizayewa, daga dala 626,350 zuwa 500,000 ga mutum ɗaya, daga 1,252,700 zuwa miliyan ɗaya ga ma'aurata, kuma kowace dala da ta haura matakin yanzu tana cinye senti 50 na yafewar maimakon 25.

Wani zai ce ai albashinsa bai kai can ba. Ni ma haka na ce a shekarar da na sayi hannun jarin ISO na kamfanin da nake wa aiki, wato jarin da kamfani ke ba ma'aikacinsa damar saye a kan ƙayyadadden farashi, na riƙe ban sayar ba. Ban taɓa ko sisi a hannu ba, amma AMT ta ɗauki tazarar da ke tsakanin farashin da na saya da farashin kasuwa a matsayin kuɗin shiga. Kafin Afrilu, watan biyan haraji, jarin ya faɗi warwas, harajin kuwa yana nan daram a kan tsohon farashi, har sai da na taɓa kuɗin da nake tarawa na gida. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ƙwararren injiniya ya sayi jarin shekara huɗu a rana ɗaya a watan Disamba, bai ko duba fom 6251 na lissafin AMT ba. Wannan ganganci ne. Ni dai yanzu a Janairu nake saye, kaɗan-kaɗan, domin idan farashi ya karye in sayar kafin shekara ta fita, abin da ke soke wancan lissafin, kuma ina ware kuɗin harajin tun ranar.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Rangwamen da ake yi wa mutum a harajin tarayya saboda harajin jiha da ya biya, wanda aka ɗaga iyakarsa zuwa dala 40,000 a 2025, ba ya aiki a lissafin AMT. Ma'auratan da suka raba fom kowa rabin yafewa yake samu. Wanda kuma ya biya AMT saboda ISO, kada ya manta da fom 8801 a shekarun da ke biye, domin ta nan ake rage masa abin da ya biya daga harajinsa na gaba.