Yadda za ku haɗa gurup ɗin karatu da 'yan ajinku

'Yan uwa ɗalibai na kwalejin ilimi ta Gumel da ta Bichi kun yi ta tambayata yadda ake gurup ɗin karatu wanda ba zai watse kafin jarrabawa ba, to ga shi.

1. Ku zaɓi mutum 4 zuwa 6 masu kwas ɗaya. In aka wuce haka hira ce kawai.
2. Ku tsayar da lokaci guda, bayan la'asar ya fi. Kar ku sa ranar kasuwar garinku, kuma da damina ku duba masu zuwa gona.
3. Ku samu aji da ba kowa ko gindin darbejiya, ban da teburin mai shayi.
4. Ku raba handawut ɗin malam, kowa da nasa babi.
5. Kowa ya karanta nasa tun daga gida.
6. In an zauna a kashe data, a ajiye waya gefe.
7. Kowa ya yi bayanin nasa da baki, ba kallon takarda.

A kula, nan ake samun matsala wallahi, sai a bar wa mai ƙoƙari ɗaya shi kaɗai yana ta bayani sauran suna gyaɗa kai, ranar jarrabawa kuma ba ya nan kusa da kai. Ko mai jin kunya ne a lallaɓa shi ya yi magana, kar a yi masa dariya.

8. Ku amsa tambayoyin shekarun baya, kowa a takardarsa.
9. Ku yi musayar takardun ku gyara wa juna.
10. Abin da ya gagare ku a rubuta, mutum ɗaya ya kai wa malam washegari.