Kurakuran da ake yi wajen ƙara wa mota turbo a Jidda, da yadda ake gyara su

Ɗan yayata ya shigo mini warsha, wato garejina, a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, da kwali a kafaɗa, yana fara'a. Ya ce, "Kawu, ga shi na kawo, so nake ka ɗaura mini kafin Juma'a." Na buɗe kwalin, sai ga turbo mai girman da ya dace da motar tsere, shi kuwa motarsa ta zuwa aiki ce da kai mahaifiyarsa Makka. Na ce masa, "Ɗana, wane nozul ke fesa mai cikin injinka? Wane fetur kake sha? Wa zai yi maka barmaja, wato ya daidaita kwamfutar injin?" Ko ɗaya bai amsa ba. Ban ga laifinsa ba, domin yawancin samarinmu da ke son ƙara wa mota ƙarfi haka suke farawa, su sayi turbo tukuna, sauran tambayoyi su biyo baya.

Aikin turbo guda ne. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya kan sandar, wadda ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Sandar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. To amma iska kaɗai ba ta tura mota. Sai an ƙara mata mai daidai gwargwado, wuta ta kama a lokacin da ya dace, an kuma sami hanyar fitar da zafin da ya ƙaru. Duk kuskuren da zan faɗa daga mantuwa da wannan yake tasowa.

Na farko shi ne na ɗan yayata, wato zaton cewa babba ya fi. Babban turbo yana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya farka. Ka taka totur a danja, motar ta yi nauyi kamar an ɗaure ta, sai inji ya haura juyi 4,000 ko fiye sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya, a lokacin kuwa ka riga ka isa bayan wata mota. Wanda ke bin titin Madina ko titin Falasɗinu da yamma ba zai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Gyaran shi ne ka fara yanke ƙarfin dokin da kake nema da irin tuƙin da kake yi, sannan a zaɓi turbo. Kamfanoni irin su Garrett da BorgWarner suna fitar da taswirar aikin kowane turbo nasu, mai nuna yawan iskar da yake turawa a kowane matsi. Makaniken da ya san aikinsa zai zauna da kai ya duba ta. Sau da yawa matsakaici ne ke dacewa, wani lokaci ma wanda ya zo da motar ya isa idan aka gyara barmajarsa.

Inda injuna suka fi mutuwa a hannunmu shi ne wajen mai. Injin fetur a tafiyar yau da kullum yana haɗa kusan kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai. Idan turbo ya matsa, dole man ya ƙaru har rabon ya sauko wajen 12 ko ƙasa kaɗan, saboda ƙarin man nan yana sanyaya cikin silinda. Idan nozul ɗin asali da famfon mai na asali ba su iya kai wa wannan ba, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, zafi ya tashi har kan fistan ya narke. Na sha ciro fistan da rami a tsakiyarsa kamar an huda da wuta. Mai motar kuma zai rantse cewa bai ji komai ba sai da ta tsaya. Gaskiyarsa ce, a babban gudu kunne ba ya jin ƙarar da injin ke yi lokacin da man ke fashewa kafin lokacinsa.

Wannan fashewar tana da alaƙa da irin fetur. A gidajen mai na nan akwai 91, mai kore, da 95, mai ja. Injin da aka ƙara wa matsin iska 95 yake so, domin shi ya fi jure matsi da zafi. Mutum ya kashe dubban riyal a kan turbo, ya zo gidan mai ya ce a zuba masa 91 don ya rage 'yan riyaloli, wannan abu yana ba ni baƙin ciki, don na san ƙarshensa buɗe inji ne. Idan a kan 95 aka yi maka barmaja, kada ka sauka daga kansa, ko da aron motar ka ba wani, ka gaya masa.

Ita kanta barmajar, kada ka yarda a zuba wa kwamfutar injinka fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet. Wataƙila an rubuta shi ne don motar da ke Jamus, inda iska ke da sanyi kuma ana samun fetur 98. A hau da motar kan daino, wato na'urar gwada ƙarfin mota a tsaye, a sa na'urar auna rabon iska da mai a salansa, a riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan ana dubawa. Ka kuma lura da watan da aka yi aikin. Motar da aka daidaita a watan Janairu, da daddare, har iyakar abin da za ta iya, za ta sha wuya a azahar ɗin Agusta, lokacin da zafi ke kai digiri 40. Ka ce wa mai barmajar ya bar maka sarari saboda bazara. Ƙarfin doki goma da za ka rasa bai kai kuɗin fistan shida ba.

Zafin nan shi ne abin da ya bambanta mu da masu yin bidiyon da samari ke kallo. Iska idan aka matse ta zafi take ɗauka, shi ya sa ake ratsa ta cikin intakula, na'urar da ke sanyaya ta, kafin ta shiga inji. Wasu su bar ƙaramar ta asali, wasu su sa ƙatuwa a gaban lagireto har ta tare masa iska, ga kuma na'urar sanyaya ciki tana aiki ba hutu. A cikin gari ba za ka ga matsala ba. Ka ɗauki hanyar Hada zuwa Ɗa'ifa da iyali da kaya, a nan allurar zafi za ta gaya maka gaskiya. Ɗa'ifa tana kan tudu wajen mita 1,800, iska ba ta da kauri a can, turbo kuma sai ya ƙara juyi kafin ya kawo matsin da ya saba. Duk wanda zai girmama intakula ya duba lagireto da fankarsa a rana guda, ya kuma naɗe bututun da ke kusa da salansa da abin kare zafi.

Sai baƙin mai, kuma a nan ni ma na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na ɗaura sabon turbo a kan motar dizal, na ga tsohon bututun da ke kai masa baƙin mai lafiyarsa lau daga waje, sai na mayar da shi. Ashe cikinsa ya toshe rabi da ƙonannen mai. Cikin 'yan makonni sandar ta ci kanta, na biya daga aljihuna, na kuma ba mai motar haƙuri. Tun daga ranar, sabon turbo sai da sabon bututu, sabon mai da sabuwar tacewa. Kafin a tayar da inji a karon farko, a ɗura mai ta bakin turbo, a juya sandar da hannu. Bututun da ke mayar da man kuwa dole ya gangara ƙasa ba lanƙwasa, don nauyin man ne kaɗai ke saukar da shi. Idan ya taru, sai ka ga shuɗin hayaƙi, a ce turbo ne mara kyau alhali ɗaurin ne. Bayan doguwar tafiya da gudu, ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe.

Wanda zai sayi turbo a tashlihi, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ya kama sandar ya girgiza. Idan tana motsi gaba da baya, ko farfelar ta goge jikin gidanta, ya bar musu kayansu. Masu cire tacewar iska don su ji ƙara kuma su tuna da ƙurar ƙasar nan, yashi yana cin gefen farfela.

Akwai masu ɗaura turbo a injin da ba a ƙera shi da shi ba, kamar Patrol mai lita 4.8 da samari ke so. Ana yi, amma da fistan ɗin asali matsi kaɗan ake ba shi, wajen rabin bar a ma'aunin matsi, ba a kuma taɓa ƙofar da ke rage hayaƙi don a tilasta masa ƙari. Mai son fiye da haka sai ya buɗe inji ya canza kayan ciki. Kulochi, giya, birki da tayoyi duk su shiga lissafi tun farko.

Kafin a kwance ƙusa ɗaya, ka tambayi murur, wato 'yan sandan hanya, abin da aka halatta, domin canza mota ba izini laifi ne a nan, kuma fahas, wato gwajin lafiyar mota, yana jiranka lokacin sabunta istimara, takardar rajistar mota. Idan motar sabuwa ce, garantin wakilin kamfanin motar zai iya faɗuwa.

Ɗan yayata ya mayar da nasa, aka ba shi ƙarami. Ragowar kuɗin muka sa a famfon mai, nozul da intakula, muka jira har watan Yuni sannan aka hau daino. Makon da ya biyo baya na zauna a gefensa muka hau Hada da azahar, idona a kan allurar zafi har muka isa sama, ba ta gusa daga tsakiya ba.