Yadda ake bibiyar kunnawa da kashewar ƙwayoyin gado na Plasmodium a cikin hanta

Kafin zazzaɓi ya kwantar da mutum, ƙwayar cutar da sauro ya zuba masa sai ta fara sauka a hanta. Plasmodium falciparum, wadda ta fi damunmu a Najeriya da Nijar, tana yin kwana 6 zuwa 7 a can, ƙwaya ɗaya ta zama dubun-dubata, mutum bai ji komai a jikinsa ba. Mai son gano yadda take tafiyar da ƙwayoyin gadonta a waɗannan kwanaki ya riƙe abu ɗaya tun farko: ganin saƙon mRNA, wato kwafin umarnin da ƙwayar gado (gene) ke aikawa don a ƙera furotin, ba ya nufin an ƙera furotin ɗin. Da yawa a nan suke ɓata aikinsu.

Siforozoyit, wato siffar ƙwayar da ke jira a jakar yawun sauro, tana tara saƙonnin da za ta yi amfani da su a hanta, ta kulle su. Misali, saƙon wani furotin mai suna UIS4 na nan jingim, furotin ɗin kuwa sai an shiga tantanin hanta, wato ƙwayar halittar hanta (cell), yake fitowa sosai. Furotin Puf2 na cikin masu gadin ƙofar. Idan aka cire shi, ƙwayar takan fara dunƙulewa tun tana cikin sauro, ta rasa ƙarfin kama hanta. Akwai kuma UIS1 da ke taka wa aikin ƙera furotin birki ta hanyar eIF2α, furotin da ke tada wannan aikin, da UIS2 da ke sakin birkin. AP2-L, ɗan gidan furotin na ApiAP2 masu sarrafa ƙwayoyin gado, yana aiki a wani mataki daban, shi yake kunna rubuta sababbin saƙonni yayin girma a hanta.

Zaɓen ƙwaya da masauki

Mafari mafi sauƙi shi ne P. berghei ta ɓeraye. Tana gama zaman hanta cikin kusan kwana 2, kuma tana kama tantanin HepG2 ko Huh7, nau'o'in tantanin hanta da ake renonsu a faranti. P. yoelii, ita ma ta ɓeraye, ba ta shiga HepG2 sai an saka masa furotin CD81. Ita kuwa P. falciparum sai tantanin hantar ɗan Adam na asali, ko ɓerayen FRG da aka dasa wa irinsa, kuma duka biyun akwai tsada. A nemi ƙwayar cutar da aka saka wa GFP, furotin mai haske kore, amfaninta na zuwa.

Sauro da feɗewa

Ana amfani da macen sauron Anopheles stephensi. Bayan ta sha jinin ɓera mai cutar, a ajiye ta a digiri 19 zuwa 21. Zafin da ya wuce haka yana hana P. berghei girma, don haka ɗakin sauro ba ya jure ɗaukewar wuta. Daga kwana 18 zuwa 21 bayan shan jinin a feɗe jakunkunan yawu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a zuba cikin ruwan reno mai sanyi, a murƙushe a hankali, a ƙirga siforozoyit ɗin da suka fito. Kwalbar ta zauna kan ƙanƙara, kuma kada a ɓata lokaci. Da ta ji ɗumi, siforozoyit takan fara sauya tsarin ƙwayoyin gadonta, sai ka auna abin da jinkirinka ya haifar kana tsammanin ɗabi'arta ce.

Shigar da cutar

A shuka tantani kusan 50,000 a kowane rami na faranti mai rami 24 tun ana gobe aiki. A zuba siforozoyit 20,000 zuwa 50,000, a juya farantin a inji minti 5 a hankali don su kwanta, a bar su awa 2 a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100, sannan a wanke. Tarkacen sauro na zuwa da bakteriya da fumfuna, don haka a saka penicillin da streptomycin saboda bakteriyar, a riƙa sauya ruwa kullum. A guji azithromycin da clindamycin da doxycycline: suna lalata wani sashe na ƙwayar mai suna afikofilas, illar kuma ba ta bayyana sai can ƙarshe.

Aunawa

A ɗebi samfur a awa 4, 12, 24 da 48, a ajiye kuma siforozoyit da ba ta taɓa tantani ba don kwatance. Babbar matsala ita ce tantanin da ya kamu ba ya wuce 'yan kaɗan cikin ɗari, kusan duk RNA ɗin da ka tatso na masauki ne, wato tantanin hantar. A nan GFP ke yin rana: a ware masu haske da FACS, injin da ke tace tantani ta haskensu, kafin a tatsa. A wanke RNA da DNase mai narkar da ragowar DNA, a haɗa da samfurin da ba a saka wa enzayim ɗin RT mai mayar da RNA DNA ba, a kuma gwada kowane firaima, wato guntun DNA da ke nemo saƙon da ake aunawa, a kan tantanin da bai kamu ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na DNA ɗin P. falciparum da P. berghei haruffan A da T ne, firaima mai kyau tana wuyar samu.

Kada a daidaita sakamakon qPCR, gwajin auna yawan saƙon, da ƙwayar gadon masauki idan tsarin ƙwayar cutar ake nema. Wannan yawan cutar kawai zai nuna. Daidaitawa da 18S rRNA na ƙwayar cutar ma sai da lura, domin Plasmodium na da nau'insa na sauro da na jini, suna sauyawa a daidai wannan lokaci. Gara a haɗa ma'auni biyu.

Sannan a rina faranti na biyu don ganin furotin da ido. Daga cikin furotin ɗin ƙwayar cutar, CSP yana raguwa, UIS4 yana zagaye ƙwayar kamar zobe, LISP2 yana fitowa idan girma ya kankama, MSP1 sai dab da fashewa. A P. vivax, wani nau'in da ke kama ɗan Adam, ƙaramar ƙwaya mai UIS4 marar LISP2 bayan kwanaki alama ce ta hifnozoyit mai barci, wadda ke dawo da zazzaɓi bayan watanni.

Idan ana son cire wata ƙwayar gado, a tuna cewa a matakin jini, lokacin da ƙwayar cutar ke zaune a cikin jini, ake yin gyaran. Duk wadda ake buƙata a jini, cire ta kai tsaye zai kashe ƙwayar cutar kafin ta kai sauro. Mafita ita ce tsarin FLP/FRT, wanda ke yanke ƙwayar gadon a cikin sauro, ko DiCre, wanda ba ya aiki sai an zuba rapamycin a lokacin da aka zaɓa.