Bambar Amurka, ta Turai da ta Ostireliya: wacce ce ke ɗaukar hanyar daji?

Motoci biyu iri ɗaya, inji ɗaya, shekara ɗaya, sai ka ga ɗaya ta gangara kwazazzabo ta haye lafiya, ɗayar kuwa ta baro rabin bambarta a can. Sau da yawa ba laifin direba ba ne. Dokar ƙasar da aka ƙera motar dominta ita ke tsara tsawon bamba da nisanta daga ƙasa, mu kuwa motocinmu daga ko'ina suke shigowa: na Amurka, na Beljiyam, na Dubai.

Kafin ka kwance ko ka sayi komai, fara da awo. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi da cikakkiyar iska, da kayan da ka saba ɗauka a ciki. Samo falanki miƙaƙƙe, ka cusa bakinsa a gindin tayar gaba, ka ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa wani abu a jikin motar. Abin da ya fara taɓawa shi zai fara dukan ƙasa. Ɗora waya mai manhajar awon kusurwa a kan falankin ka karanta. Idan babu, yi da tef: abin da ke santimita 30 daga ƙasa, kuma santimita 60 gaba da inda taya ta taka, ya ba da kimanin digiri 27. Da a santimita 40 yake, da an doshi digiri 34. Santimita goma kacal, amma ita ce tsakanin wucewa da karyewa. A dokar Amurka, digiri 28 a gaba da 20 a baya na cikin ma'aunin da ake kallo kafin a lissafa mota cikin masu shiga daji, don haka ka riƙe su a matsayin mafi ƙaranci. Maimaita awon a baya.

Motar Turai ita ta fi cutuwa a wannan awo. Dokokin Tarayyar Turai na kare masu tafiya a ƙasa, ciki har da ta 2005 da ta ƙuntata sa ƙaton ƙarfe a gaban mota, sun sa bamba ta zama roba mai taushi, ta turo gaba, da leɓe a ƙasa wanda ke hana ƙafar mutum shigewa ƙarƙashin mota. A cikin gari wannan ceton rai ne. A bakin rafi kuwa leɓen nan ne ke fara kwasar laka. Jeep Wrangler Rubicon na Amurka na da kusan digiri 44 a gaba, na Turai kuwa bai kai 37 ba, kuma doguwar bamba ce babban dalili. Bambar baya ta Turai kan ɗauki fitilar hazo, to ka duba wayarta kafin ka cire ko ka canza.

Ta Amurka matsalarta daban. Manyan fikof da jif ba sa ƙarƙashin dokar bamba ta ƙananan motoci, shi ya sa ƙarfensu ke sama. Sai dai a ƙarƙashinsa akan rataya baƙar roba mai kare iska don rage shan mai, wani lokacin har ta kusa share ƙasa. Yawanci 'yan kusoshi na lamba 8 ko 10 ne ke riƙe da ita, aikin rabin sa'a. Cire ta ka adana, kada ka jira dutse ya cire maka, domin idan ta fizge takan tafi da kunnuwan bamba. Bayan cirewa ka sa ido kan allurar zafi, don a wasu motocin ita ke tura iska zuwa lagireto. A baya kuma, ƙarfen jan tirela da ke leƙowa shi ke karce ƙasa. Zare fil ɗinsa ka jefa shi a but.

Land Cruiser fikof irin da ke ratsa yashin Agadas ba ya bukatar wannan duka: bambarsa gajeren ƙarfe ce, kuma a sama take.

Ostireliya ce gidan ƙaton ƙarfen gaba, saboda kangaru da shanun da ke faɗo wa direbobi a hanya. Nan ne mutane ke ruɗuwa, su kai wa mai walda hoto ya kwaikwaya da fayif. Na kamfani irin ARB ana gwada shi da jakar iskar motar, wato wadda ke kumburowa ta kare direba idan an yi karo, kuma yana da maƙalai masu lanƙwashewa su shanye duka. Na walda da aka liƙa kai tsaye a shasi yakan miƙa dukan gaba ɗaya ga shasin ya karkace, ya kuma rikita lokacin da jakar iska za ta buɗe. Idan dole ne, a ɗaure shi da kusoshi masu ƙarfi, waɗanda aka buga wa lambar ƙarfi 8.8 ko sama a ka, a ramukan asali, kada a yi walda a jikin shasi, kada kuma a toshe gaban lagireto da faranti. Ka lissafa nauyi: ƙarfen kan kai kilo 50 ko fiye, winci, wato injin igiyar da ke janyo mota idan ta kafe, ya ƙara kusan 30. Sifirin na asali zai zauna, sai digirin da ka samu a bamba ka rasa shi a tsayi. Canza sifirin gaba, a sake saita tayoyi da fitilu, sannan ka sake awon falanki.

Saura wurin ja. Zoben da ake murɗawa cikin bambar motar Turai na jan mota ne a hankali kan kwalta, ƙananan kunnuwan da ke ƙarƙashin wasu motocin kuwa na ɗaure su ne a jirgin ruwa. Idan mota ta kafe a yashi aka fizge ta da igiya ta nan, ƙarfen na iya tsinkewa ya taho kamar harsashi, haka ma ƙwallon jan tirela. Sa ƙugiya biyu masu rubutaccen nauyin da suke ɗauka, ɗaya a kowane ɓangaren shasi, kuma lokacin ja kowa ya matsa nesa fiye da tsawon igiyar.